Waƙa Huɗu da Ba a Saki Ba

Ranar kasuwar Makarfi, Zayyad na tsaye wurin mai rake sai ya ji ƙahon Muktar na tashi daga wayar wani ɗan acaɓa. Ya saki raken, ya kasa kunne. Babu shakka, "Kwandon Dillali" ce.

Su uku ne a ƙungiyar. Zayyad na kaɗa gita, Muktar na Kudan na busa ƙaho, Yahuza na Ikara shi ke rerawa. Kiɗan ska suke yi, mai sauri da tsalle-tsalle, kuma ba su ƙarƙashin kowane kamfani. Waƙa goma suka ɗauka a kundinsu na farko, suka saki shida, suka riƙe huɗu, har da "Kwandon Dillali". Huɗun nan duk zambo ne ga dillalan tumatir, ga shi mahaifin Yahuza dillalin tumatir ne. Yahuza ya roƙe su a jira sai ya lallaɓa tsohon tukuna. Kowannensu ya yi alkawari, kowa kuma na da waƙoƙin a wayarsa.

Zayyad ya shiga tunani. Yahuza dai ba zai tona wa kansa asiri ba. Muktar kuwa tun a ɗakin ɗaukar murya yake mita, wai an ɓoye waƙoƙin da suka fi daɗi. Makon jiya ma an gan shi a Makarfi, bai nemi kowa ba. Me ya kawo shi? Nan take Zayyad ya tura masa saƙon murya: "Na ji aikinka a kasuwa. Ka kyauta. Ashe haka kake?"

Daga nan ya tambayi ɗan acaɓan inda ya samo waƙar, aka nuna masa rumfar Ɗan'azumi mai caji da tura waƙa.

Bayan sun gaisa, Zayyad ya rage murya. "Malam Ɗan'azumi, wa ya kawo maka waƙar dillalai? Wani dogo ne, mai tabo a leɓe?"

"Dogo kuma?" Ɗan'azumi ya ɗago daga kwamfuta yana dariya. "Gajere ne, mai gemu kamar na ɗan akuya. Ga shi ma tsaye yana yi mini tambayoyin 'yan sanda."

"Ni?"

"Kai mana. Ba ka kawo katin memorin wayarka in zuba wa Innarka karatu ba? Ai ka san aikinmu. Duk wanda ya kawo kati, mukan kwashe abin da ke ciki mu ƙara a namu. In ba haka ba, ina za mu samu sabo?"

"An rubuta kar a saki a jikinsu!"

"Shi ya sa na fara da su."

Zayyad ya zauna a benci. Ya ciro waya don ya goge saƙon, ya tarar Muktar ya riga ya saurara. Sai ya kira shi.

"Muktar, ni ne na yi ɓarnar. Katina ne."

Kukan awaki na tashi daga can ɓangaren.

"Ka gama shari'ar ke nan, ranka ya daɗe alƙali?" in ji Muktar. "Asibiti na kai ƙanwata Makarfi, tunda ba ka tambaya ba."

"Ka yafe ni."

"Wannan sai na yi tunani. Yahuza ya sani?"

"Tukuna."

"To hau mota, mu haɗu a tashar Ikara. Gara Baban Yahuza ya ji daga bakinmu kafin wani yaro mai dakon kwandon tumatir ya kunna masa. Amma kai za ka yi bayani. Ni rakiya kawai zan yi, kuma daga bakin ƙofa."

Zayyad ya miƙe ya nufi tasha.