Tsuntsun da ke Bayan Ɗanta

Shekara ashirin yana ƙididdigar tsuntsayen teku a wani ɗan ofis mai taga ɗaya, yayarsa ba ta taɓa leƙowa ba sai ranar. A gida Kawun Tsuntsaye ake kiransa, ita ce ma ta laƙaba masa.

Ta ajiye wayarta a kan tebur. Ɗanta ne a hoton, ma'aikacin jirgin kamun kifi, shekara huɗu ke nan da tafiyarsa. A watan bakwai na bara aka daina jin ɗuriyar jirgin. Makon jiya wata baƙuwar lamba ta turo hoton, babu kwanan wata, an kira kuma ba ta shiga.

"Kai da ka ƙare rayuwarka a leƙen gindin tsuntsu," in ji ta, "yau ga ranarka. Yaushe aka ɗauka?"

Ya ɗora hoton a kwamfuta. Ɗan nata na jingine da ƙarfen tashar jirgi, yana dariya. A bayansa tsuntsu ne tsaye kan igiya. Ya ƙara girmansa. Baki baƙi ƙirin, baya ruwan ƙasa mai dabbare-dabbare, gashin fiffike sabo, ko gefensa bai cinye ba.

"Tsuntsun nan ƙyanƙyasar shekarar ne, Yaya. Manyansu farare ne da baya mai toka, sai sun shekara huɗu suke kai wa haka. Irin wannan a watan shida ake ƙyanƙyashe su. Wannan zai yi wata uku."

Ta lissafa da yatsu. "Watan tara ke nan. Bayan bakwai!" Ta miƙe, ta fizgi wayar. "Bari in kira matarsa."

Ya ji lamba biyu sun shiga kafin bakinsa ya buɗe.

"Yaya, dakata. Watan tara ne, amma ban san na wace shekara ba. Kowace shekara ana ƙyanƙyashe su, kuma duk kamarsu ɗaya."

"To garin fa?"

"Duk gaɓar da jirgi ke tsayawa akwai su."

Ta koma ta zauna. Ba ta zage shi ba, da ma ta yi.

"Sake dubawa, ƙanena."

Ya juya ga kwamfutar. Ya ƙara girman fiffiken, ya sake ƙarawa, har gashin ya watse ya zama ƙananan murabba'ai masu ruwan ƙasa. Ta matso da kujerarta kusa, tana jira.