Sarƙa Ta Uku

Shekara talatin da ɗaya babu kamiyon, wato babbar motar kaya, da ya bar garejinmu na Owendo sai Baba ya zagaye shi da 'yar gudumarsa, yana ƙwanƙwasa sarƙoƙin da suka ɗaure gungumen katako. Sarƙa mai lafiya amonta garau yake fita. Tun ina ƙarama nake bin bayansa ina saurare.

Da kunnensa ya yi nauyi, ya ce ran Litinin zai miƙa gudumar, wato garejin ke nan ɗungurungum. Kowa ya san wanda za a ba: Hammadi, ɗan ƙanensa, mai faɗin kafaɗa da yawan baki. Ni kuwa shekarata takwas ina tuƙi, amma har yau 'yar lakkol suke ce mini, wato 'yar boko. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

Ran Litinin Hammadi ya karɓi gudumar, ya zagaye kamiyon da aka yi wa lodin katakon okume yana bugu kamar makaɗin biki.

"An gama, Baffa. Direba ya tashi."

"Kada ya tashi," na ce. "Muryar sarƙa ta uku ta dushe."

Ya yi dariya. "Mairamou, a littafin Faransanci kika karanta?"

"Yaya, sake bugawa."

Ya ƙi. Na fizge gudumar, ina sane cewa in na yi kuskure a gaban direbobi goma, tawa ta ƙare a garejin nan. Na kama hannun Baba na ɗora a kan sarƙar, na buga. Abin da kunnensa bai ji ba, tafin hannunsa ya ji. Ya bi ta zobe-zobe, ya sa aka sassauta. Ga tsaga nan siririya kamar gashi. Motar kuwa ta gaban kasuwa za ta bi.

Na miƙa wa Baba gudumarsa, ya mayar da hannu baya.

"Riƙe kayanki."

Ya ɗaga kai ya dubi allon ƙofa. BOUBA ET FILS, wato Baba Bouba da ɗansa: tun kafin a haife ni aka rubuta, ana jiran namijin da bai zo ba.

"Hammadi, kira mai fenti ya mayar da shi FILLE. Ka ce masa kuskuren nawa ne, ba ɗa ba ne, 'ya ce."