Yatsan Hagu

Tawul ɗin da aka naɗe wa Buraima hannu ya jiƙe da jini tun kafin motar kamfani ta bar wurin gini a Dir'iyya, gefen Riyad. Rodi ne ya zame daga igiya ya sauka a hannunsa na hagu, kuma duk cikin yatsu biyar bai ga na murƙushewa ba sai na kusa da ƙarami. Malam Rabilu, mai jan su salla a ɗakinsu na unguwar Al-Shifa, shi ya biyo shi asibiti, don ya fi kowa jin Larabci.

Likita ya duba hoton ƙashi, ya duba iƙama, katin zaman ƙasa, inda aka rubuta lebura, ya yi tambaya.

"Ya ce da wane hannu kake aiki?" in ji Malam Rabilu.

"Da dama mana," in ji Buraima, har da ɗan jin haushi. Wane ɗan mutunci ne zai buɗe baki gaban mutane ya ce shi da hagu yake harka?

Likita ya yi bayani, Malam Rabilu ya juya shi da Hausa. "Hanya biyu ce. Ko a cire gaɓar ƙarshe a ɗinke, mako biyu ka koma aiki. Ko a sa ƙarfe a gyara, hannu ya yi wata uku a ɗaure. Ya ce tunda hagu ce, ta farko ta fi sauƙi. Gaɓa ɗaya ba ta hana ɗaukar bulo."

Buraima ya kalli yatsan. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana kaɗa jita mai lantarki a Damagaram. Kiɗan rok suke yi, su huɗu, shi ke rubuta waƙoƙin a littafin 'yan makaranta. Sun yi wasa a Yamai, sun yi a Agadas, har mai ganga ya tafi Libiya bai dawo ba, ƙungiya ta watse. Da ya zo Riyad sai ya kama bakinsa. Makaɗi, a ƙasar nan, a ɗakin da malami ke kwana? Jitar tana ƙarƙashin gado cikin bargo. Sai ranar Juma'a da yamma, in 'yan ɗaki sun tafi kasuwar Batha, yake fito da ita ya kaɗa a hankali ba lasifika. Kuma wannan yatsa da ake maganar gutsurewa, shi ne mai danne tsirkiya ya tura ta sama har ta yi kuka.

Ma'aikaciyar jinya ta kawo biro da takardar amincewa a cire gaɓar. Buraima ya kalli biron, ya kalli gemun Malam Rabilu.

"Malam," ya ce da ƙyar, "ka yi haƙuri. Ni makaɗi ne. Da hagun nake kiɗa."

Ya sunkuyar da kai yana jiran wa'azi, sai ya ji Larabci na zuba kamar an buɗe famfo. Malam Rabilu ya ɗaga hannu yana kwatanta riƙon jita, ya zaro waya ya latsa. Muryar Buraima ta cika ɗakin, waƙar da ya yi wa Mariamou tun kafin ya aure ta. Likita ya saurara har jitar ta gama kukanta, sannan ya ture takardar gefe, ya yi wata magana yana girgiza kai.

"Ya ce me ya hana ka faɗa tun farko? Khalas, shi ke nan, ƙarfe za a sa."

Bayan la'asar aka fito da shi daga tiyata. Hannu ya zama dunƙulen bandeji, amma a can sama kan yatsan yana leƙe, cikakke, har da rabin farce. Buraima ya ƙidaya yatsun, ya sake ƙidayawa. Daɗi ya kama shi har hawaye ya zubo, bai ma goge ba.

"Malam, tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar da ka shigo ɗakin. Ba kai ka yi wasa a bikin ƙanwata Safiatou a Maraɗi ba? Ni na yi ta zuba muku mai a janareto."

"Shekara uku ba ka ce komai ba?"

"Mutum ya naɗe abinsa a bargo, ni zan buɗe? Amma wallahi da ka ɗauki biron nan, da na fizge shi." Ya miƙa masa ruwa a kofi. "Kai kana tsammanin Batha muke ƙauna? Duk Juma'a, cikin zafin nan, ba abin da muke saye. Zagaye kawai muke yi har ka gama."