Rabon Kyanwa

Yana ɗaga cinyar saniya zai rataya a ƙugiya, ciwon ya tsarga masa daga ƙugu har yatsun ƙafar hagu. Mahaucin ya saki naman, ya durƙushe a gaban masu saye. Matarsa ce ta kai shi asibiti, tana tafe tana mita.

Likitar, sa'ar 'yarsa ce ma, ta zaunar da su bayan hoto da gwajin jini.

"Baba, faifan da ke tsakanin ƙasusuwan bayanka ne ya goce, yana danne babbar jijiyar da ta sauka ƙafa. Ɗaukar nauyi ne ya jawo. Da magani da motsa jiki zai lafa. Amma bitamin B12 ya yi ƙasa sosai a jininka, jijiya kuwa ba ta murmurewa sosai in babu shi. Kana cin nama?"

Matar ta tuntsire da dariya. "Likita, mahauci ne fa! Kullum tsokar da ta fi kyau shi nake zuba wa."

Gogan naka ya zura wa takalmansa ido. Kunya ta rufe shi. Shekaru ke nan da turamen haƙoransa suka zube, na gaba kawai suka rage yana murmushi da su. Mutumin da ake kira Mai Tauna Ƙashi, da wane baki zai ce tsoka ta gagare shi? Sai ya koma cin abinci shi kaɗai a ɗaki, kyanwar gidan tana ƙarƙashin kujera tana cinye tsokar.

"Ƙwai fa? Madara?"

"Abincin yara," ya ce ƙasa-ƙasa.

"Baba, buɗe baki in gani."

Ya buɗe. Matar ta leƙa, dariyarta ta ɗauke.

Aka yi masa allura, aka hana shi ɗaukar nauyi. A mota bai yarda sun haɗa ido da matarsa ba, yana jiran ranar da zancen zai isa kasuwa.

"Ni da nake ta yabon kyanwar nan da kama ɓera, ganin ƙibar da take yi," ta ce can. "Don Allah, ni ma ɗin mai saye ce da za ka ɓoye mini?"

Da yamma ya ji ƙarar injin markaɗe a kicin. Ta shigo da hanta niƙaƙƙiya, ta rufe ƙofa don kada yara su gani, ta zauna kusa da shi. Kyanwar ta daɗe tana kallonsu, sannan ta fita.