Mabuɗin Durowa

...kuma wai na shekara biyu. Lissafin shekara biyu, wanda odita, mai binciken kuɗi, ya bincika ya buga wa hatimi, in ba haka ba banki ba zai ba shi rancen ba. Haka ma'aikaciyar bankin ta ce, tana murmushi kamar mai miƙa masa ruwan sanyi. Kafinta na zaune a ofishinsa da bai fi kicin girma ba, garin katako ya rufe tebur, mabuɗin durowa na dunƙule a hannunsa har ya jiƙe da gumi. A waje zarto ya yi shiru. Katako ya ƙare. Makarantar da ta ba shi kwangilar benci ta ce ƙarshen wata, ko ta ba wani. To ma'aikatansa fa? Garin katakon za su ci?

Ɗan ƙaramin kamfani ne fa, ya gaya mata. Ta ce ƙarami da babba duk takarda ɗaya ce.

Shi kuma oditan... mutumin kirki, abin da ya fi ciwo ke nan. Wai kuɗin da ke fita daga durowar nan ina suke zuwa? Ina kuwa za su? Maganin Inna. Makarantar 'ya'yan Yaya. Yaya, da ya sayar da motarsa ya saya masa injin farko, ko takarda bai nema ba — tun daga ranar yake shigowa, ya ja durowa, ya ɗauki abin da zai ɗauka, ya ce sai an jima. Wa zai ce wa Yaya ya sa hannu? Da wane bakin?

"Kamfani daban, gida daban. Ka kulle ta," in ji oditan.

Ya kulle, da safen nan. Kunya ke cinsa, kunya da tsoro.

Ga takun nan, ƙafar da ke ɗan ja... Yaya ne. Sallama, ya aiki, hannu ya tafi inda ya saba. Ya ja. Ya sake ja.

"Ta maƙale ne?"

Ce masa e mana! Ce ta maƙale, ai kai kafinta ne, za ka gyara... Sai ya ƙara matse mabuɗin. Yaya na duban hannun ƙanen nasa da ke dunƙule. Ya goge nasa a riga, a hankali, ya fita.

Shekara biyu, ma'aikaciyar bankin ta ce — waɗanda suka wuce. Kullewar yau ko kwana ɗaya ba za ta gyara a cikinsu ba. To me ya kulle?