Kamfas ɗin Sundus

Shekara goma sha biyu Ibtisam ta yi tana binciken jakar 'yarta kowace safiya, tun kafin soja ya bincika. A unguwarsu da ke tsohon garin Khalil haka kowace uwa take yi. Babu hanyar makaranta sai ta shingen sojoji da ke ƙarshen titi, kuma na'urar gano ƙarfe da ke wurin ba ruwanta da bambancin almakashin ɗan firamare da wuƙa. Hatta kamfas, ƙarfen nan mai tsini da ake zana da'ira da shi, na yaran unguwar duka a can ƙetaren shingen suke kwana, cikin wani gwangwanin alewa a shagon Abu Ra'id wanzami. Yaro ya karɓi nasa da safe, ya mayar in an tashi.

Yau kaɗai ta yi sake. Sundus za ta rubuta tawjihi, jarrabawar gama sakandare, yau kuma takardar zanen injiniya ce, wadda yarinyar ta ɗora wa rai. Sundus ta tashi a wuya, ko kallon kirki ba ta so a yi mata. Ibtisam ta ajiye mata burodi da za'atar, garin ganye mai ƙamshi da ake karyawa da shi.

"Yamma," in ji Sundus, haka yaran garin ke kiran uwa, "don Allah yau dai ki ƙyale min jakata. Ba ni za'atar ɗin naki in ci in tafi."

"Ki dangwala da man zaitun sosai, yana buɗe ƙwaƙwalwa."

"Yaya Basil ya cinye gona guda, kuma sau biyu yana faɗuwa."

Ibtisam ta kai mata dukan wasa, ta bi ta da addu'a har bakin matakala, ta dawo kwashe kwanuka.

A kan tebur ta tarar da takardun da Sundus ta yi bita da su jiya. Da'irori ne manya da ƙanana, kowace ta fita tsaf, kuma a tsakiyar kowace akwai ɗan huji. Ta ɗaga takardun, sai ga ledar teburin ita ma duk an tsattsaga ta da tsini. Ibtisam a aji shida ta tsaya, amma ta san hujin kamfas in ta gan shi. Wato abin nan a gidan nan ya kwana. Ta jawo aljihun tebur, ta zazzage kwandon littattafai, ta ɗaga katifa. Babu. In ba ya ɗaki, to yana jaka.

Ta danna lambar Sundus. Wayar ta yi ƙara a ƙarƙashin matashi, don ba a shiga jarrabawa da waya.

Bara ma a irin wannan makon aka tsare Jumana, 'yar maƙwabta, saboda abin yanke farce. Sai bayan la'asar aka sake ta, an daɗe da tattara takardu, kuma har yau yarinyar tana gida. Wannan ma mai sauƙin ke nan. Ibtisam ta san labaran da suka fi shi muni, ta hana zuciyarta zuwa can. Ta yafa mayafi, ta zura takalmin da ƙafarta ta fara samu, ta sauka da gudu.

Rabonta da gudu tun tana amarya. Ta ratsa lunguna tana haki, ta wuce jerin shagunan da aka liƙe ƙofofinsu da walda, wata tsohuwa ta leƙo ta taga tana tambayar ko lafiya, ta wuce ta. Amma da ta iso kwanar babban titi, dole ta ja birki. Daga nan ba a gudu. Ba a ɗaga murya, ba a sa hannu a aljihu. Mace mai gudu zuwa shinge, kafin a tambaye ta dalili an gama da ita. Sai ta saki hannuwanta a fili, ta shiga takawa a hankali kamar mai zuwa sayen tumatir. A duk rayuwarta ba ta taɓa yin tafiyar da ta tsana kamar wannan ba.

Ta hango layin ɗalibai. Ta hango farin mayafin Sundus, amma ba a layi ba: har ta shiga ƙofar ƙarfen nan mai juyawa, wadda in ka shiga babu komawa. Saura taku talatin tsakaninsu. Ibtisam ta buɗe baki ta rufe. In ta kira ta yanzu, ita da kanta ta nuna wa sojan inda zai duba.

Sundus ta ɗora jakar a kan tebur. Ta bi ta cikin na'urar. Ibtisam ta tsaya cak, duk addu'ar da ta iya ta gudu ta bar ta da "ya Rabbi" kawai.

Na'urar ba ta ce uffan ba. Sojan da ke bayan gilashi ya sa yarinyar ta zazzage jakar, ya leƙa, ya duba katin shaidarta, ya daɗe yana neman lambarta a takardarsa, sannan ya yi mata alama da yatsa. Ƙofa ta biyu ta juya. Sundus ta fita.

Sai a lokacin Ibtisam ta motsa. Ta lallaɓa zuwa ragar ƙarfen da ke gefe, ta kira sunan a hankali. Sundus ta waiwayo, ta zaro ido, ta matso.

"Yamma, me ya faru? Wa ya mutu?"

"Ina kamfas ɗin?"

"Wane kamfas? Yana gwangwanin Baffa Abu Ra'id mana."

"Kar ki raina min hankali. Na ga hujin a takardu, har ledar teburina kin lalata."

Sundus ta dube ta, ta dubi ƙafarta, sai dariya ta ƙwace mata, ta toshe baki da gefen mayafi.

"Allurar ɗinkinki ce, Yamma. Na ɗaura mata zare, na ɗaura fensir a ɗaya bakin. Tana nan na soke ta a labule. Ni mahaukaciya ce da zan shigo da kamfas gida? Sau uku na zazzage jakar nan da asuba. Ko allurar mayafi ban sa ba, duba, ƙulli na yi." Ta sake kallon ƙasa. "Kuma silifas ɗin banɗakin Baba ne a ƙafarki."

Ibtisam ta so ta yi faɗa, faɗan ya ƙi zuwa. Daɗi ya cika ta har tana jin kunya. Can ƙasan daɗin kuma akwai ɗan ɗaci, ganin yarinyar da ta goya ta iya binciken kanta fiye da soja.

"To tsayuwar me kike yi? Wuce, kar ki makara."

A ƙetaren titi Abu Ra'id ya riga ya fito ƙofar shago da gwangwaninsa a hammata, yana duba agogo yana yi wa yara tsiya. Ibtisam ta ga ya miƙa wa Sundus nata, ta ga yarinyar ta jefa shi a jaka, ta bi ƙawayenta. Nan babu mai hana gudu, sai kuwa suka kwasa a guje.

Ta riƙe ragar da hannu biyu, tana kallo har farin mayafin ya sha kwanar makaranta. Sannan ta zauna a kan dakalin wani rufaffen shago, ta yi kukanta a nutse.