Layin da Ya Wuce Bakin Allo

Shekara goma sha ɗaya Auta da yayansa suna gyaran kwamfuta a shago ɗaya, da na'urar aiki ɗaya. Idon yayan ya yi rauni, saboda haka yakan ƙara girman rubutu har layi ya kasa ɗaukar fiye da haruffa sittin. A cikin manhajar rubutu yake buɗe shafukan jagora, masu bayanin kowane umarni, ya bi su da yatsa a kan gilashin allo.

Ranar Talata da hantsi Auta ya miƙa masa wani tsohon faifan ajiya na kwamfuta da ya fara gardama. Muryar 'yar Auta da ta rasu bara tana ciki, tana waƙa, tana dariya, kuma babu kwafinta a ko'ina. Shi hannunsa ba zai iya ba. Ya roƙi yayan ya kwashe ta, shi kuma ya fita nemo kebul.

Da ya dawo ya tarar an cire faifan an ajiye a teburi.

"Zauna, Auta," in ji yayan. "Umarnin da na bayar ya share shi."

Auta bai zauna ba. Ya kwaɗa masa mari har tabarau ya yi tsalle, ya shaƙe wuyan rigarsa ya maka shi da kanta, sukurori suka watse a ƙasa. Yayan yana cewa, "Tsaya ka ji," Auta ya rarumi abu mai nauyi daga teburi ya rafka masa a goshi, ya ƙara, ya sake ƙarawa, sannan ya yi jifa da shi a bango. Jini ya gangaro ya rufe wa tsohon ido ɗaya.

Yayan ya jingina da ƙafar teburi yana haki. "Da me ka buge ni?"

Auta ya dubi gindin bango. Faifan ne, murfinsa a lotse.

"Sunayen fayiloli kawai aka share," in ji yayan a hankali. "Muryar tana nan. Da kafin la'asar na dawo maka da ita."

Shafin jagorar yana buɗe har yanzu. Auta ya ga jimla ta tsaya cak a bakin allo, sauranta ya shige inda ido ba ya kaiwa. Nan ya tuna. Shi ya kafe faɗin layi a haruffa ɗari da arba'in, watanni huɗu da suka wuce, don ya cika babban allon da yakan jona. Sau uku yayan ya ce masa shafukan nan an yanke musu wutsiya, shi kuwa ya ce, "Canja tabarau, tsoho."

Ya buɗe saitin da yatsu masu jini, ya goge lambar, ya rubuta sittin, ya sake kiran shafin. Layukan suka naɗe, suka zauna daidai. Gargaɗin ya fito a tsakiyar allo: wannan zaɓi yana share duk abin da ke kan faifai.

"Me aka rubuta? Ba na gani."

Auta ya karanta masa, kalma bayan kalma.

"To," in ji yayan. "Miƙo mini faifan."

Yayan ya kai shi kunne ya girgiza shi. Su biyun suka ji ƙarar, kamar tsakuwa a cikin gwangwani.